Kafin Bakina Ya Rufe

Da sunan Allah nake ci gaba da rubutu a littafin nan mai koren bango, wanda ya rage mini tun ina ajin ƙarshe a sakandare. A shafukan baya na ba ki labarin gidanmu na Shagari da yadda aka kawo ni aure Bodinga. Wannan babin shi na daɗe ina kewayewa. Shekarata ashirin da shida, ke kuma shida, kuma na san ba a irin shekaruna ake zama rubuta tarihin rayuwa ba. Sai dai magana ta fara yi mini wuya, hannu kuwa har yau yana aiki, don haka gara in rubuta tun yana biye mini.

Ke ce ɗiyata ta fari, kuma ban sake haihuwa ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ke kuma aka ƙara da sa miki sunan Iya, mahaifiyar babanki, sai kunyar ta zama biyu, don matar ɗa ba ta ambatar sunan surukarta. Kowa Iya-ƙarama yake ce miki. Ni ko wannan ban faɗa, sai dai in ce "yarinyar nan". Ranar da na kai ki rigakafi ma'aikaciya ta tambaye ni sunanki har sau uku ina kallon ƙasa, sai matar da ke bayana a layi ce ta faɗa mata, ta ce su yi haƙuri da ni, sabon shiga ce. Da aka yaye ki, Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke aure a Dandin Mahe, ta zo ta goya ki ta tafi, don ita Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Ban raka ku ko zaure ba. Na zauna ina tsintar shinkafa, matan gida suna yaba kunyata, ni kuwa tsakuwa nake mayarwa cikin tsintacciya ban sani ba. Da kika fara magana Gwaggo kika kira Inna, ni kuma Adda, wato yaya. Babu wanda ya gyara miki, har ni.

Kina shekara huɗu na ji ƙullutu a nonona na hagu. A babban asibiti a Sakkwato suka ce ciwon daji ne. Suka cire nonon, suka yi ta ƙara mini wani ruwan magani da ya zubar mini da gashin kai. A gida ba wanda ya taɓa kiran abin da sunansa. Mata su ce "aikin da aka yi mata", maza kuwa an ce musu ciwon mata ne, ba su ƙara tambaya ba. Ranar sallama likitar, wata mace mai farin gilashi, ta ba ni kati, ta ce duk inda na ji ciwo a ƙashi in dawo, kuma duk wanda zai duba ni, ko na ido ne, in fara gaya masa abin da aka yi mini. Na karanta katin nan, na fahimci kowace kalma. Ina so ki riƙe wannan, don kada wata rana a ce miki jahilci ne ya ci uwarki.

Na yi shekara guda da 'yan watanni lafiya lau, gashi ya fito, har na fara ƙiba. Sai wata safiya muna shan kunu a tsakar gida, Iya ta dube ni ta yi dariya.

"Ke ɗiyar boko, yau kuma haɓa kika koya wa shan kunu?"

Na shafa, na ji kunu ya gangaro har wuyana, ni kuwa ban ji saukarsa ba. Leɓena na ƙasa ta gefen hagu da rabin haɓata sun mutu, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Na yi dariya tare da su. Bayan kwanaki matauni biyu na ƙasa suka fara girgiɗi, da wani ciwo mai nauyi can cikin ƙashi. Lokacin cirar albasa ne, gidan duk ya cika da ita, muna yanke ganye, muna ware mai tabo, maza suna jera mai kyau a rudu, gadon karan nan da ake ajiye ta don ta sha iska. Ba lokacin da mace za ta ce haƙori ya dame ta ba ne. Na cusa kanumfari na ci gaba da aiki. Babanki ya bi motar albasa zuwa kudu, ya ce sai ya sayar zai dawo. Da kumatuna ya kumbura, Iya ta ce wa Malam ya kai ni a cire haƙorin in huta.

Malam shi ne yayan babanki, mai makarantar allo a ƙofar gida. Tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da shi ba. Durƙusawa nake yi daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Mutumin kirki ne, kada ki ji wannan labari ki riƙe shi da komai. Da muka isa wurin masu haƙori sai muka tarar namiji ne ke aiki, Malam kuwa ba zai bar matar ƙanensa ita kaɗai a ɗaki da namiji ba. Ya shigo ya zauna a kujerar bakin ƙofa da carbinsa. Mai haƙorin ya haska bakina, ya taɓa dasashin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ajiye fitilar.

"Kina da wata lalura? An taɓa yi maki aiki? Akwai maganin da kike sha?"

Katin yana cikin jakata, jakar tana kan cinyata, hannuna yana kanta. Ina jin kaurinsa ta cikin yadin. Abin da ake bukata in buɗe baki in ce an cire mini nono, a gaban yayan mijina. Ina cikin neman ta inda zan fara, Malam ya ga na sunkuyar da kai, ya zaci nauyin baƙon namiji nake ji, sai ya taimake ni.

"Lahiyatta lau, likita. Haƙori na kawai. Aikin albasa ya hana ta zuwa da wuri."

Mai haƙorin bai yarda nan take ba, ya sake dubana.

"Haka na, malama?"

Na gyaɗa kai.

Haƙorin bai yi gardama ba ko kaɗan, ya fito kamar an tuge albasa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ga mutumin ya juya shi a hannu yana mamaki. Ya ce in ramin bai rufe ba nan da mako guda lallai in dawo, kada in yi wasa. Ramin bai rufe ba, ni kuma ban koma ba, don na san Malam ne zai sake kai ni, tambayar kuma ita ce dai za a sake yi.

Wata uku na yi a haka. Ruwan gishiri safe da yamma, kanumfari, rubutun da Malam yake aiko mini a kwanon sha. Daga cikin ramin wani nama ya fara tohowa, ja, mai zubar da jini in tuwo ya taɓa shi. Sai wari ya biyo baya. Ni na fara jinsa kafin kowa, ko kuwa ni na fara yarda na ji. Mu huɗu muke cin abinci a kwano ɗaya, ni da Iya da matar Malam da wata ƙanwar babanki. Wata rana na lura duk sun koma ci ta gefe guda, sun bar mini kusan rabin tuwon. Washegari na ce ba na jin yunwa, a ajiye mini nawa. Tun daga ranar kwanona daban, wani mai ɗigon shuɗin fenti a gindi. Ba wanda ya kore ni, ni na janye. Nakan zauna a ɗaki ina dama tuwo da miya har ya zama ruwa, ina jin hirarsu da dariyarsu ta taga, ina tura cokali ta gefen da bai mutu ba. Na sayi takunkumin fuska na ce saboda mura. Kowace safiya in na idar da salla sai in gwada yatsu nawa za su shiga tsakanin haƙorana. Da uku ne. Ya koma biyu. Har yau ina yin wannan awo.

Babanki ya dawo bayan ya tsaya wani aikin dako a can. Ya shigo da tsaraba yana zolayata, wai ya ji labari na zama likita, ba na cire takunkumi. Na cire. Ya ajiye ledar a ƙasa a hankali, ya zauna bakin gado. Da gari ya waye muna Sakkwato.

Likitar nan mai gilashi ta gane ni. Ta duba bakin, ta tambayi yaushe leɓen ya mutu, na faɗa, ta ƙirga watannin da yatsunta.

"Wanda ya cire haƙorin, kin nuna masa katinki?"

Na ce a'a.

"Me ya hana?"

Na ce yayan mijina yana zaune. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta cire gilashin ta murza idonta, ta ce ba ni ce ta farko ba. Suka yanki ɗan naman, suka ɗauki hoton ƙashi, muka yi ta zirga-zirga har sakamako ya fito. Ta zaunar da mu ta ce ciwon nan na nono ne ya bi jini ya sauka a ƙashin muƙamuƙina, yana cinsa daga ciki, shi ya kashe leɓen, shi ya sassauta haƙoran. Ta ce ba cire haƙori ne ya kawo shi ba, yana nan tun kafin. Amma da an sani a lokacin, da an tare shi tun bai fito cikin baki ba. Za su gasa wurin da na'ura don ya motse, ciwon ya ragu, su sake sa ni a magani. Ba ta ce zan warke ba, na saurara da kyau. Na tambaye ta ko zan ci gaba da magana.

"Bakin zai yi gyambo lokacin gashin, muƙamuƙin kuma yana iya ƙara ɗaurewa. Wasu yakan sake daga baya. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba."

Aka ba mu kwana goma kafin a fara.

Da labari ya kai ƙofar gida, Malam ya shigo har bakin ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bayan labule, ƙafafunsa kawai nake gani.

"Na amsa tambayar da ba tawa ba. Ki yahe mani."

Na ce babu komai, Malam, ni na yi shiru. Sai ƙafafun suka juya.

A kwanakin nan goma ba mutuwa na fi tunani ba, ko da yake ina tsoronta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kunya ta hana ni faɗin kalma ɗaya a gaban Malam, ga inda ta kai ni, kuma akwai wata kalmar da na yi shekara shida ina riƙe da ita a bakin nan da ke shirin rufewa. A rana ta bakwai na ce wa babanki ya kai ni Dandin Mahe.

"Mi za ki yi can, ga jikinki haka?"

"Ina son in ga yarinyar Gwaggo."

Ya dube ni, ya fita ya tayar da babur.

Damina ta fara, gero ya kai gwiwa a gonakin hanya. Babanki ya tsaya a waje wurin mijin Gwaggo, na shiga ni kaɗai. Na tarar da Gwaggo tana shanya kuɓewa, ke kuma kina gefe da ɗan ƙaramin turmi kina dakan ƙasa, kin goya takalmin Gwaggo da ɗankwali. Haƙoranki biyu na gaba sun fita.

"A'a, ga manyan Bodinga," in ji Gwaggo. "An rufe baki kada a sha ruwan ƙauye?"

Kika rugo kika durƙusa.

"Adda, sannu da zuwa. Kin zo mani da alewa?"

Kika koma wurin turminki. Na zauna a tabarma na sauke takunkumin. Gwaggo ta duba, kuɓewar ta zube daga hannunta, ta zauna a ƙasa inda take. An gaya mata ba ni da lafiya, amma ba a gaya mata haka ba ne. Ban jira ta yi magana ba, don na san in na jira ba zan iya ba. Sunanki da leɓe ake fara shi, nawa kuwa na ƙasa ba ya tashi. Na sa yatsa na tura shi sama ya haɗu da ɗan'uwansa, na kira ki da sunanki na yanka, da ƙarfi, har matar maƙwabta da ke leƙowa ta katanga ta ji.

Kika tsaya da daka. Kika dubi bayanki, kika dubi Gwaggo.

"Inna, wai ni?"

Gwaggo ta amsa.

"Ke ta. Sunanki na. Amsa mata."

"Na'am, Adda."

Kika taho. Na buɗe hannu. Saura taku biyu kika tsaya, kika sa tafin hannu kika toshe hanci, kina kallon kumatuna.

"Adda, mi ya cije ki?"

Na ce wani ciwo ne, ana ba ni magani. Ba laifinki ba ne, yaro ba ya ɓoye abin da hancinsa ya ji. Na mayar da hannuwana kan cinya. Saura kalma huɗu na zo da su, in ce ni na haife ki. Sai na dubi Gwaggo, na ga ta damƙe bakin zanenta da hannu biyu, matar da ta binne 'ya'ya huɗu, wadda ta yi jinyar ƙyandarki ita kaɗai. Ta ce ki je ki ɗebo wa Adda ruwa a randar ɗaki. Da kika shige ta matso kusa da ni, ita ba ta toshe hanci ba.

"Ɗaukatta kinka zo yi?"

"A'a, Gwaggo. In kai ta ina?"

"To in ba da hannu za ki ɗauke ta ba, kada ki ɗauke ta da baki. In kin hwaɗa mata yau, gobe ki tahi asibiti, wa za ta riƙe? Ni za ta san ba uwatta ba, ke kuma ba ki nan."

Na fasa faɗa miki. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Na ce to zan rubuta, ta ajiye, ranar da kika iya karatu da kanki ta ba ki, ko ina nan ko ba na nan. Ta ce ta ɗauki wannan amana, ta kama hannuna ta riƙe. Kika kawo ruwan a moɗa kika ajiye daga nesa. Ban sha ba, don kada ki ga yana zuba ta gefen bakina. Da za mu tafi kika biyo ni zaure kika zuba mini gyaɗa bakwai a hannu daga aljihun rigarki, kika ce in ci a hanya, kika koma da gudu. Ba na iya tauna gyaɗa. Suna nan a ƙulle a bakin ɗankwalina.

Labari ya riga mu isa Bodinga, don matar nan ta katanga tana da ɗiya a unguwarmu. Aka ce matar ɗan Iya ta kira sunan Iya gatsau a tsakar gidan mutane. Matar Malam ta ce boko ne, ƙanwar babanki ta ce ciwon ne ya taɓa mini kai. Iya ta yi kwana biyu in na gaishe ta sai ta amsa da hanci. Ranar da za mu tafi Sakkwato, da hantsi, ina haɗa kaya, ta ɗaga labule ta shigo da kunu wanda ta tace sau biyu don ya bi mini. Ba a kwanon mai shuɗin fenti ta zubo ba, a nata kofin ne. Ta zauna a bakin gado da ƙyar saboda gwiwa.

"An ce kin kira ni can Dandin Mahe, ina nan ban ji ba."

Na sunkuyar da kai, na fara ba ta haƙuri.

"Yi shiru, kina wahal da bakin a banza. Na zo in amsa. Na'am." Ta miƙo mini kofin. "Ni ma nawa na farin ya rasu yana da shekara tara, ban taɓa kiran shi ba. Sha tun da zahi."

Yanzu mako na uku ke nan ana gashin. Bakin ya yi gyambo kamar yadda likita ta ce, yatsa ɗaya da rabi ke shiga. Babanki yana kwana a barandar asibiti tare da sauran masu jinya, in ina son abu sai in rubuta masa a bayan littafin nan. A ɗakin mu shida ne, kowa da masu zuwa hira, ni sai dai in saurara. Ina jin tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Ban san ko zan sake zuwa Dandin Mahe da murya ba.

Abu biyu nake so daga gare ki. Duk ranar da mai duba lafiyarki ya tambaye ki abin da ke jikinki, ki faɗa masa da sunansa, ko wa ke zaune a bakin ƙofa. Na biyu, ki ci gaba da kiran Gwaggo Inna, ta biya wannan sunan da wahalarta. Ni abin da na zo faɗa ranar nan na koma da shi, ga shi a rubuce, tunda hannu ba ya bukatar leɓe.

Ba yayarki ba ce ni. Ni na haife ki, Balkisu.